Giyar Takabar Deolinda

Wani dare cikin watan Satumba, ba a yi wata guda da binne Belmiro ba, tsoho Firmino ya ji wata ƙara daga bayan katangar ɗakinsa. Ba ƙwanƙwasa ba ce, ba kuma takun mutum ba. Ta fi kama da saniya tana zare ƙafa daga taɓo, luɓ, luɓ, luɓ, sai shiru, sai kuma a sake. Ya daɗe yana saurare kafin ya gane. Bayan katangar nan ɗakin randunan Belmiro ne, ƙarar kuma ta muciya ce, ana danna ɓawon inabi cikin randa don kada sabuwar giya ta kumbura ta fasa ta. Ga shi kuwa mai muciyar yana maƙabarta.

Firmino ba mutum ne da irin wannan ke razanawa ba. Yana yaro ya taɓa yin tafiyar yini guda a kan jaki don kawai ya ga ɗan rago mai kai biyu, kuma har ya tsufa ya yarda cewa giya takan motsa a cikin randa duk lokacin da kurangar inabi ta yi fure a gona, kamar mai kewar gida. Don haka bai tashi ba. Ya ce a ransa, in abokinsa ne ya dawo ya ƙarasa aikin bana, bai kamata a leƙa a ba shi kunya ba.

Da gari ya waye ya zagaya. Deolinda ce, matar marigayin, a kan tsani. Ta naɗe hannun baƙar rigarta har gwiwar hannu, damatsanta sun rine ja. Shekarunta sittin da takwas.

"Kumadre, ashe ke kika hana ni barci," in ji shi. Shi ya riƙe 'yarta ranar baftisma, tun daga nan suke kiran juna kumadre da kumpadre.

Ba ta juyo ba. Ta ce masa inabi bai san an yi mutuwa ba, in ya nuna ya nuna. Ya tsaya ya ɗan kalle ta, ya koma gida yana mamakin yadda mace ke kwashe halin mijinta, har bugun muciyarsa, uku da hutu.

Gonar Belmiro ba ta da girma, amma tsohuwa ce. Kakansa ya dasa ta yadda magabata suke yi, inabi iri huɗu a cakuɗe cikin kunya ɗaya: mai ba da launi, mai ba da tsami, mai bauri da ake kira moreto, da ɗan farin inabi nan da can kamar furfura a gemu. Tare ake tsinke su, tare ake matsewa, a zuba a randunan ƙasa waɗanda suka fi mutum tsawo, da aka shafe cikinsu da ƙaro. Giyar da ke fitowa ba ta masu kuɗi ba ce. Ta masu aski da masu gini ce, wadda mutum zai sha kofi biyu da burodi da cuku ya tashi aljihunsa bai yi kuka ba. Shekara talatin Amandio mai mashaya yana kwashe ta gaba ɗaya, kuma duk shekara ba ya ɗauka sai Firmino ya ɗanɗana ya yi magana. A garinsu Korte Ruiva babu wanda ya naɗa Firmino alƙalin giya. Harshensa ne ya naɗa shi, kuma shekara arba'in bai taɓa faɗar magana ya janye ba.

Bana kuwa ba giya kaɗai ke jiran harshen nan ba. Idalina, 'yar Deolinda, tana aiki a birnin Barreiro, tana zaune a hawa na huɗu na wani dogon gini, kuma tun ranar jana'iza ta gyara wa uwarta ɗaki. Ta ce ba za ta bar tsohuwa ita kaɗai tana hawa tsani ba, wata rana a same ta kai a cikin randa. Deolinda ta ce ita kuma ba tantabara ba ce da za a ajiye ta a saman gini. Suka ja, suka ja, har suka tsaya a kan magana ɗaya a gaban maƙwabta: in Amandio ya ɗauki giyar bana kamar yadda ya saba, Deolinda ta zauna a gidanta, in bai ɗauka ba, ta tattara kayanta, randunan kuma a sayar wa wani otal da ya daɗe yana nema don dasa furanni. Garin kowa ya san wannan yarjejeniya, har da Firmino.

Ana gobe ranar Waliyyi Martinho, ranar da ake buɗe sabuwar giya, Deolinda ta shigo masa da rana da kwanon miyar burodi da tafarnuwa. Ta ajiye, ba ta zauna ba. Ta ce masa gobe ya faɗi abin da bakinsa ya ji. Ya ce to ai abin da ya saba ke nan. Ta sake cewa, abin da bakinsa ya ji, ba abin da aka saba ji ba. Firmino ya ɗauka tsoro take ji kada giyar ta lalace, ya yi niyya a ransa ko da ta zama ruwan tsami ne zai nemo mata kalma mai laushi.

Akwai wata al'ada a garin da bai ma tuna da ita ba a lokacin, don ta zame masa kamar cire hula a ƙofar coci. Giyar farko bayan mutuwar mai gida, giyar takaba ake ce mata. Mai ɗanɗanawa yakan yaba ta daidai gwargwado, sa'an nan ya rufe da cewa hannun mai gida babu. Girmama mamaci ne kawai. Sau tara Firmino yana faɗar wannan a ɗakunan randuna tara, kuma duk sau taran ɗan mamacin ne ke tsaye a gefe, ya sunkuyar da kai, dattawa su dafa kafaɗarsa su ce baɗi ma rana ce, a sayi giyar kamar kullum. Ba a taɓa yin giyar takabar da mace ta yi ba, balle wadda zaman mutum a gidansa ya rataya a kanta.

Ranar kuwa ɗakin ya cika. An gasa 'ya'yan itacen kastanya a bakin ƙofa, hayaƙi na shigowa. An yanka cukun tunkiya da busasshen naman alade a kan wani tsohon ƙyaure da aka mayar teburi. Randunan uku suna tsaye a jikin bango, kowacce da sunanta: Gwaggo, wadda maginin tukwane ya zana wa wani kifi mai ƙafafu a wuya, ba wanda ya san dalili, Kurma, wadda ko an ƙwanƙwasa ta ba ta amsawa, da Amarya, ita ma ta haura shekara ɗari. Idalina ta zo da motar safe, tana tsaye da jakarta a hannu kamar mai jiran a kira lambarta a asibiti. Amandio ya zo da tumbinsa da ƙaramin kofinsa, Zulmira maƙwabciya tana yi masa tsiya wai ya kawo kofin da ko kaza ba za ta ƙoshi da shi ba, don ya saba auna wa mutane da shi. Ya ce mata ita dai ta ci kastanya ta bar maza su yi aiki. Ta ce aikin da mace ta riga ta gama.

Ilidio ma ya zo, ƙanen marigayin, da baƙin ƙyalle a hannun riga. Bai ci komai ba. Ya je ya tsaya ƙarƙashin ƙusar da hular Belmiro ke rataye, idanunsa jajur.

Deolinda ta durƙusa a gindin Gwaggo, ta zare toshiyar, ta cusa bututun katako. Giyar farko ta fito da gurɓata, ta tare a kwano, ta hau tsani ta mayar ta sama. Sau uku tana haka, har ruwan ya ratso ta cikin uwa, wato ɓawo da karan inabin da suka kwanta a ƙasan randa, ya fito tas. Ta cika kofi ta miƙa wa Firmino. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar zirin giya a kwano.

Ya ɗaga kofin wajen hasken ƙofa. Ja ce mai duhu, amma haske na ratsa ta a gefe kamar 'ya'yan rumman. Ya kai hanci. Busasshen ɓaure ya fara zuwa, sai ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari, can ƙarƙashi kuma ƙaro, kaɗan, kamar mutum ya wuce ta gaban shagon kafinta. Ya kurɓa, ya riƙe a baki. Tsamin ya tayar masa da yawu ba tare da ya cije shi ba. Baurin ya kama dadashinsa, ya riƙe, sai ya sake shi da kansa, irin musafahar mutumin kirki. Farin inabin nan da ba a ganinsa ya ji shi a ƙarshe, kamar an buɗe taga a ɗaki mai zafi. Iri huɗun duk suna nan, kowa ya san wurin zamansa, babu mai ɗaga murya a kan ɗan'uwansa. Ya haɗiye. Ya jira. Giyar ba ta tafi ba, ta zauna masa a maƙogwaro tana ci gaba da magana.

Bai taɓa shan irinta daga wannan ɗaki ba. Bai taɓa shan irinta daga kowane ɗaki a garin ba. Ya ji wani abu kamar haushi ya taso masa, bai san na mene ne ba. Ya ɗago kai, idonsa ya sauka a kan Ilidio da hular da ke samansa. Belmiro abokinsa ne tun suna satar kankana a gonar limamin coci. Yaya za a yi ya buɗe baki a gaban ƙanensa, ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba, ya ce giyar da aka yi bayan ransa ta fi duk wadda ya yi da ransa? Ya ga kamar tofa yawu ne a kan kabari. Ya ce a ransa ai kowa ya san al'ada, kowa zai gane.

"Giya ce ta gargajiya," in ji shi. "Ba ta da ha'inci. Wanda ya saye ta ya ci riba, ta fi kuɗinta." Ya ɗan tsaya. "Amma hannun mai gida babu."

Ilidio ya share ido, ya gyaɗa kai. Dattawa biyu suka yi gyaran murya irin ta amincewa. Firmino ya buɗe baki zai ƙara wani abu, bai ma san me ba, sai muryar Idalina ta riga shi, a hankali, ba da mugunta ba.

"Kin ji ko, Mama."

Ita ta bar garin tana 'yar shekara sha bakwai, ba ta taɓa halartar giyar takaba ba. Abin da ta ji shi ne alƙali ya ce giyar ta gaza. Amandio kuwa ya san al'adar sarai. Amma surukinsa ya daɗe yana kawo masa labarin giyar kamfani da ake kawowa a kwali har ƙofa, ba ɗaukar tulu, ba jiran waliyyi, kuma kunyar Belmiro ce kaɗai ta hana shi. Ya kurɓi nasa kofin, ya lumshe ido, kowa ya ga ya lumshe. Ya buɗe ya ce shi mutum ne mai bin maganar manya, tun da Ti Firmino, wato Kawu Firmino, ya ce da saura, shi wane ne da zai ce babu. Ya ce masu shan giyarsa sun saba da hannun Belmiro, ba zai canja musu ba tare da shawara ba. Zai yi tunani.

Zulmira ta ce masa tunanin nasa a kwali zai zo. Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan da nan. Deolinda ta sake durƙusawa a gindin Gwaggo. Ta ci gaba da cika kofuna tana miƙawa, har wanda bai nema ba, kuma mutane suka sha, suka ƙara, suka sake ƙarawa, ba mai kallon idon wani.

Washegari da hantsi Firmino ya tafi mashaya. Ya sami Amandio yana goge kanta. Ya ce masa ya san abin da kalmar nan take nufi, kada ya mai da kansa baƙo. Amandio ya ce ya sani mana. Amma in giyar ta kai yadda Ti Firmino yake faɗa yanzu, to ya zo ranar Lahadi bayan coci, mashaya cike, ya tsaya ya ce jiya ƙarya ya yi, giyar matar ta fi ta mijin. In ya faɗi haka a gaban Ilidio da kowa, shi Amandio zai aika a kwaso giyar randa ukun a ranar.

"Sai dai ka sani, Ti Firmino," in ji shi yana murmushi, "harshe mai hukunci biyu, baɗi ban san wanne zan saya ba."

Firmino ya fito. Kwana huɗu ne tsakaninsa da Lahadi. Ya yi su yana shirya maganar a bakinsa, yana gyarawa. Ya gwada ta a gaban akuyarsa, ta fito daidai. Ranar Lahadi ya sa rigarsa mai kyau, ya je coci, ya fito, ya bi hanyar mashaya. Daga nesa ya hango Ilidio zaune a bakin ƙofa, ya ji hayaniyar maza a ciki, mutanen da shekara arba'in in ya ɗaga kofi suke yin shiru. Ƙafafunsa suka rage sauri. Da ya zo daidai ƙofar sai ya ɗaga wa Ilidio hannu, ya wuce, kamar dama gidan mai gyaran takalmi za shi. Magana zarar bunu ce, ya gaya wa kansa, wadda ta fita ta fita. Ya san ba wannan ne dalilin ba.

Da la'asar ya shiga wurin Deolinda. Ya same ta tana naɗe kwanuka cikin tsofaffin jaridu tana jerawa a akwati. Ya tsaya a ƙofa da hula a hannu. Ya fara bayani a kan al'ada, da Ilidio, da yadda bai zaci Amandio zai yi haka ba. Ta bar shi ya gama.

"Kumpadre," ta ce, "yaushe rabonka da ganin Belmiro a kan tsani?"

Ya shiga tunani. Ya tuna shi a kan kujera a bakin ƙofar ɗakin randuna, sanda tsakanin gwiwoyi, yana ba da labari. Ya nemi wani hoton daban a kansa, bai samu na kusa ba.

"Shekara goma sha ɗaya," in ji ta. "Tun da gwiwoyinsa suka ƙi. Ni ke tsinka, ni ke haɗawa, ni ke dannawa. Shi nasa ya zauna ya ce in ƙara moreto. Duk shekara kana ɗaga kofi kana cewa hannun Belmiro ba ya kuskure, ina tsaye a bayanka da tulu. Ban taɓa jin haushi ba, mijina ne. Bana ne kawai babu mai ce mini in ƙara moreto." Ta ɗauki wani kwano ta naɗe. "Sau ɗaya na roƙe ka."

Ya ce zai je yanzu, mashaya ba ta watse ba. Ta ce ya bari. Ta ce ta riga ta ba 'yarta magana a gaban mutane, ita ma tana da harshe, kuma nata ma ba ya hukunci biyu. Ta ce kuma giyar da sai an roƙa mata yabo, gara a zubar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye shi ko yana son tsanin, don can inda za ta je ba shi da amfani.

Ba ta zubar ba. Kafin ta tafi ta bar ƙofar ɗakin a buɗe kwana uku, ta ce duk mai tulu ya zo ya ɗiba. Garin ya zo kaf, har matar Amandio, da tulu biyu, ta bayan gida. Firmino bai je ba. Da yamma ya sami tulu cike a bakin ƙofarsa, ba saƙo.

Motar otal ta zo farkon Disamba. Sai a ranar aka gane randunan sun fi ƙofar faɗi, don tun asali su aka fara girkewa kafin a gina ɗakin a kansu. Dole aka rushe bango. Mutanen otal suka huda gindin kowacce don ruwan furanni ya riƙa fita, suka kwantar da su a kan tayoyi, suka ɗaure. Deolinda ba ta ga wannan ba, ta yi kwana biyu da tafiya. An ce a motar da ta ɗauke ta ba ta waiwaya ba, an kuma ce ta waiwaya; waɗanda suka faɗa duka suna wurin.

Ranar da motar ta tafi da randunan, da yamma, tsofaffin unguwar suka zauna a kan dakalin da ke fuskantar rusasshen bangon, inda rana ke daɗewa. Firmino na ƙarshen dakalin. Ilidio ya fito da tulunsa, ya zuba wa kowa. Suka sha. Ƙura ba ta gama kwanciya ba, ana hango da'ira uku a daɓen ɗakin inda randunan suka zauna.

Zulmira ta kurɓa, ta juya giyar a baki yadda ta ga ana yi, ta haɗiye. Ta kalli cikin kofin, ta leƙo ta gaban mutum uku ta dubi ƙarshen dakalin.

"Ti Firmino, ni fa ban iya ɗanɗano ba. Wai me ya rage mata ne, giyar nan?"